Layin Yaya Hussaini

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun safe suna cewa na bar su a tsaye, ku yi haƙuri. Sau uku ina ajiye waya kafin in iya gama shafin nan. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙarfi ta nemi wuri ta zauna tukuna.

Inda muka tsaya: Rahama da mijinta Zaharadden sun gama umara, sun ɗauki hayar motar lantarki a Jidda, za su yi hutunsu a kan hanya har Jizan, wajen yayanta Hussaini. Shekara tara rabonta da shi, tun da ya zo umara daga Funtuwa bai koma ba.

*

"Saura kashi huɗu," in ji Rahama, idonta a kan allon motar.

"Na gani."

"Ɗazun nan fa bakwai ne."

"Rahama, na ce na gani."

Tun a baya Zaharadden ya kashe sanyin motar wai don batir ya kai su, ya sauke gilasai. Iskar da ke shigowa kamar an buɗe bakin tanda. Abayarta ta manne mata a baya.

Wuri na uku ke nan suke nema. Na farko a ƙasan wani katafaren kanti, sun tarar an lulluɓe injin cajin da baƙar leda. Na biyu yana aiki, amma motoci biyar ne a layi. A nan ne Zaharadden ya kira wani ya yi magana da Larabci ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗauko hanyar kudu, wajen Khumra, inda ba ka ganin komai sai sito-sito da tireloli.

"Baban Surayya, ni fa ban gane ba. Ko Jidda ba mu fita ba. Yaushe za mu yi kilomita ɗari bakwai a haka?"

"Abin da nake gaya miki ke nan tun jiya."

"Ai kai ka zaɓo ta. Mutumin ya nuna mana mai shan fetur, ka ce a'a."

Ya sa sigina ya shiga wani gidan mai.

Can ƙuryar wurin, kusa da masallaci, injina biyu ne farare, dogaye kamar firij. Ɗaya a kashe, ɗaya fitilarsa kore. Rahama ta sauke ajiyar zuciya.

Ya fita ya ciro igiyar. Kauri gare ta kamar taɓarya, sai da ya sa hannu biyu. Bakin farko ya ƙi shiga motar. Ya mayar, ya ciro na biyu, wannan ya shiga.

Ya kara katin banki. Injin ya yi ƙara ya nuna ja.

Ya sake. Ja.

Ya ɗauko wani katin. Ja.

Rahama ta fito ta tsaya a 'yar inuwar injin.

"Me ya ce?"

"Ba ya karɓar katin waje. Wai sai an sauke manhajarsu."

"To sauke mana."

Ya sauke. Ya yi ta danne-danne, gumi na ɗiga daga gemunsa a kan wayar.

"Lambar Saudiyya yake so. Zai turo lambar sirri."

"Ga layin da muka saya a filin jirgi."

"Na data ne kawai. Ba ya karɓar saƙo."

"Sa ta Najeriya."

"Ya ƙi."

Wata baƙar mota ta zo ta tsaya a bayansu. Mai ita ya ɗan sauke gilas.

"Yalla ya Hajji!"

Zaharadden ya ɗaga masa hannu. Rahama ta dafa jikin motar, ƙarfen ya ƙona ta, ta janye. Kanta ya fara juyawa. Tun shayin safe ba ta sa komai a cikinta ba, don ɗoki.

"Baban Surayya, jiri nake gani."

Ya juyo ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta, har sai da ta ce, "Lafiya?"

"Lafiya."

Ya juya mata baya ya rubuta wani abu. Ya zagaya bayan injin. Ta ga gwiwar hannunsa ta ɗaga, kamar mai laluben aljihun cikin jallabiya. Bai yi minti ɗaya ba ya dawo.

Injin ya yi wata ƙarar daban.

"Wai in cire in sake sakawa. Riƙe min."

Ya miƙa mata wayarsa, ya koma kokawa da igiyar.

Ba da niyya ta duba ba. Allon ne a buɗe. A samansa akwai lambar da aka yi rajista da ita.

Ta karanta.

Ta sake karantawa tun daga farko.

Ƙarshenta huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai.

Ko a magagin barci aka tashe ta za ta faɗi lambar nan. Tun tana aji biyar a sakandare ta haddace ta.

Wani abu ya yi ƙarat a jikin motar. Injin ya fara gurnani. Zaharadden ya goge fuska da hannun riga.

"Alhamdulillahi. Shigo, shigo in kunna miki sanyi. Ya ce minti arba'in."

Ta shiga. Ta ajiye masa wayarsa a cinya. Ta ciro tata daga jaka.

Ta rubuta: Yaya Hussaini, muna hanya.

Ta tura.

Tin.

Daga ƙirjin mijinta ƙarar ta fito.

Zaharadden ya daina motsi.

Ta sake rubutawa: Kana ina?

Tin.

"Baban Surayya."

Ya kau da kai.

"Aljihunka yana ƙara."

"Rahama..."

"Ciro."

"Ki bari mu je wani wuri mu zauna."

"A zaune muke. Ciro."

Ya sa hannu a hankali ya ciro. Tsohuwar waya ce, gilashinta ya tsage a gefe, bayanta an naɗe da baƙin salatif. Allon ya kawo haske. Hoton Inna ne a kai, mahaifiyarsu, zaune a kan tabarma tana dariya. Rahama ce ta ɗauke shi da hannunta da wata ƙaramar salla ta tura masa.

A ƙasan hoton ga saƙonninta biyu. Sunan da aka sa mata: Autar Inna.

"Me wayar Yaya Hussaini take yi a jikinka?"

Bai ɗago ba.

"Ya zo Jidda ne? Kun haɗu? Kun shirya ku ba ni mamaki ne?" Ta yi wata 'yar dariya. "Haka ne ko? Ka ce haka ne."

"A'a."

"An kama shi? In an kama shi ai ba komai ba ne, tarhil ne, za su maido shi gida. Inna ma abin da take so ke nan."

"Ba a kama shi ba."

"To ina yake?"

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

"Zaharadden!"

Shekara shida da aurensu ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba. Ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Hussaini ya rasu, Rahama."

Sanyin motar yana ta busowa a fuskarta. Ta ji shi kamar a fuskar wata.

"Yaushe?"

"Ki ce innalillahi."

"Yaushe?"

"Shekara biyu. Da wata uku."

"Ƙarya ne. Ranar Juma'a ya rubuto min. Ya ce in taho masa da yajin daddawa. Yana cikin but ɗin motar nan, Inna ce ta sa aka daka."

"Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na rubuta."

Ta jingina da ƙofa, ta yi nesa da shi iyakar yadda motar ta bari.

"Ban gane ba. Faɗa min yadda zan gane."

Ya fara magana, yana kallon wayar, ba ita ba.

"Kin san Abdulghani, wanda nake ajiye kaya a sitonsa in na zo sari. Nan Khumra. A wajensa Hussaini yake aiki. Ran nan suna lodi, kwalaye suka zamo daga sama suka danne shi. Ina Funtuwa aka kira ni. Kin tuna tafiyar da na yi ba shiri, na ce kayana ne suka maƙale a tashar jiragen ruwa?"

"Na haɗa maka jaka."

"Kwana huɗu bayan abin na iso. Abdulghani ya ce an riga an yi masa sutura. Ya ba ni wayar da agogonsa."

"Ka dawo da turare. Ka ce Yaya ne ya aiko min."

"Rahama, a satin nan Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Likita a gabanki ya ce kada a gaya mata abin da zai tayar mata da hankali. Ke kuma cikin Surayya wata bakwai, bayan ɓari biyu. Na ce bari Inna ta ɗan farfaɗo. Sai na ce bari ki haihu. Sai na ce bari a yi arba'in."

"Sai ka ce bari a yi shekara biyu."

"Kullum in na buɗe baki..."

"Muryarsa fa? Da ya daina kira. Da ya ce ana bin muryar marasa iƙama, takardar zama, gara rubutu."

"Ni ne."

"Na yarda," ta faɗa a hankali. "Wallahi na yarda. Har na yi wa Inna bayani."

Inna ba ta karatun boko, idonta ma ya yi yana. Duk Juma'a bayan la'asar Rahama take zuwa gida ta zauna a gefen gadonta ta karanta mata saƙon Hussaini. Har kwaikwayon maganarsa take yi, yadda yake jan "Innaaa", don tsohuwar ta yi murmushi da rabin bakin da ya rage mata.

"Ni ka sa," in ji Rahama. "Ba kai ka yi wa Inna ƙarya ba. Da bakina aka yi."

"Tana jin daɗi, Rahama. Kin ga yadda take..."

"Kada ka ƙarasa."

Ta juyo ta dube shi.

"A ina kake rubutawa?"

"A shago."

"Kullum a shago?"

"Wani lokaci a gida."

"Ina ina?"

"Kina kicin. Ko kina wanka."

"Sai in fito da gudu in ce maka duba, Yaya ya rubuto. Sai ka ce masha Allah, ki gaishe shi."

Sai kuma ta tsaya. Ta rufe bakinta da tafin hannu. Wani abu ne ya faɗo mata, ya fi na farkon nauyi.

"Abubuwan da na rubuta masa."

"Rahama..."

"Lokacin da muka yi faɗa bara, da na kwana uku ba na cin abinci. Na rubuta wa yayana komai. Abin da ko Inna ban gaya wa ba. Na ce masa na gaji, ya zo ya ɗauke ni."

"Na gani."

"Ya ce in yi haƙuri. Ya ce Zaharadden mutumin kirki ne, ba zan samu kamarsa ba. Na yi kuka na zo na ba ka haƙuri. Na durƙusa. Don yayana ya ce."

"Ban san me zan amsa ba."

"Da ka yi shiru!"

"In na yi shiru za ki gane."

"Ashe ba ni da kowa. Shekara biyu ina tsammanin akwai inda nake kai kuka. Ashe wajenka nake kaiwa."

Mai baƙar motar ya danna hon sau ɗaya, gajere. Allon gabansu ya nuna kashi talatin da ɗaya. Babu wanda ya duba baya.

"Shekaranjiya a Harami," ta ce, "ina ɗawafi ina roƙa masa iƙama. Da ƙarfi nake faɗa, Allah Ka ba Yaya Hussaini takarda ya zo ya ga Inna. Kana gefena."

"Eh."

"Me ka ce?"

Ya kalli sitiyari.

"Amin ka ce. Na ji ka."

Hawaye ya gangaro masa ya shiga gemu. Bai goge ba.

"Ba a yi masa salla a gida ba. Ba a zauna masa ba. Ko ƙosai ba a raba ba. Mamaci yana kwance ana roƙa masa lafiyar dawowa." Ta girgiza kai. "Jizan kuma fa? Gonar mangwaron da ya ce yana aiki?"

"Da kika ce lallai bana sai kin biyo ni, sai na rubuta cewa ya koma can. Na ɗauka nisan zai hana ki."

"Bai hana ni ba."

"Bai hana ki ba."

"Sai ka ɗauko wannan motar."

Ya gyaɗa kai.

"Da gangan?"

"Na san wuraren caji ba su da yawa a hanyar. Jiya mai otal ya ce in jona ta a wajensu, na ce ta cika. Na so mu yi ta yawo ki gaji, ki ce mu haƙura sai baɗi."

"Baɗi kuma ka ce ya koma ina?"

"Ban yi tunanin baɗi ba."

"To me ya sa ka sa lambarsa?"

"Kin ce kina ganin jiri."

Ta dube shi. A wata ranar da maganar nan ta karya mata zuciya. Yau ba ta sami abin karyawa ba.

"Saura me?"

"Me?"

"Na san fuskarka. Akwai saura."

Ya juya wayar a hannunsa, ya taɓa salatif ɗin.

"Wata biyu kafin abin, ya kira ni. Ya ce ya gaji. Ya ce zai kai kansa a mayar da shi gida, ko da riga ɗaya ne. Yana so ya ga Inna."

"Sai?"

"Na ce ya ƙara wata shida. Ina da kaya masu yawa a hanya, ba ni da wanda na yarda da shi a sito sai shi."

"Ya yarda?"

"Ya ce don ke zai zauna."

"Kwalayen da suka danne shi."

Ya runtse ido.

"Na wa ne?"

"Nawa ne."

Ta buɗe ƙofa ta fita.

Zafin ya doke ta kamar mari. Ta yi taku biyar ta tsaya. Gabanta titi ne mai layi huɗu, tireloli na wucewa da gudu. Fasfonta yana hannunsa, ba ta ma san sunan unguwar ba. Larabcinta bai wuce na salla ba. Ta juyo, ta kama igiyar cajin da hannu biyu ta fizga.

Ko motsi ba ta yi ba.

Ta sake fizga, ta sa ƙafa a jikin taya.

"Rahama, a kulle take! Sai an tsayar da cajin!"

"Cire ta! Cire ka mayar da ni!"

"Ki saki, za ki ji ciwo!"

"Kada ka taɓa ni."

Mai baƙar motar ya sauke gilas zai yi magana. Ya ga fuskarta. Ya ɗaga gilashinsa, ya ja baya a hankali ya fita daga gidan man.

Rahama ta sulale ta zauna a kan dakalin injin. A nan kukan ya zo. Ba mai ƙara ba, irin wanda numfashi ke ƙin fita. Tana cewa innalillahi, tana kasa kaiwa ƙarshe.

Zaharadden ya tsaya a rana, taku uku daga gare ta. Bai matso ba, bai koma mota ba.

Ladan ya kira azahar a masallacin gefensu. Direbobin tirela suka riƙa wucewa da silifas, wasu su kalle su, su kau da kai.

"Me zan ce wa Inna?" ta faɗa, ba shi take tambaya ba. "Ta ce kada in dawo sai da hotonsa. Ta ce in duba mata ko ya yi furfura."

Wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo ta tsaya a gefensu. Wani mutum ya fito, baƙi, mai jiki, da farar jallabiya da hular saƙa. Zai yi shekara hamsin. Yana tafe yana murmushi.

"Salamu alaikum! Ya Zaharadden, ka ce mota ta mutu, ga ta tana shan wuta. Halas, shi ke nan, ba sai na ja ku ba."

Abdulghani ke nan, wanda Zaharadden ya kira ɗazu. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Hausarsa tana da nauyin Larabci.

Sai ya ga matar da ke zaune a ƙasa. Ya ga wayar da ke hannun Zaharadden. Murmushin ya ɗauke.

"Ta sani," in ji Zaharadden.

"La haula wala ƙuwwata..."

Rahama ta miƙe. Ta gyara mayafinta, ta share fuska da gefensa.

"Kai ne Malam Abdulghani?"

"Ni ne, ya ukhti, 'yar'uwata. Allah Ya ba ki haƙuri. Hussaini, wallahi, mutum ne..."

"Na gode. Abu ɗaya nake roƙo. Ka kai ni kabarinsa."

Abdulghani ya kalli ƙasa.

"Mata ba sa shiga maƙabarta a nan."

"Zan tsaya a bakin katanga. Ka nuna min da hannu kawai, ka ce ga wajen. In yi masa addu'a, in san abin da zan gaya wa uwarsa."

"Da nisa."

"Mota tana caji."

"Ya'ani... babu alama. Nan ba a rubuta suna."

"Wace maƙabarta ce?"

Abdulghani ya cire hularsa ya mayar.

Zaharadden ya matso.

"Abdulghani, wace ce? Ni ma duk zuwan da na yi ka ce sai wani lokaci. Yau ka faɗa."

"Ya akhi, ba a nan ba."

"A nan."

"Ku da kuka wanke shi," in ji Rahama, "ku nawa ne?"

Abdulghani ya waiga ya kalli motarsa, kamar mai auna nisan da ke tsakaninsu.

"Ba mu wanke shi ba."

"Wa ya wanke shi?"

"Ki saurare ni, ya ukhti. Ki saurare ni har ƙarshe. Hussaini ba shi da iƙama. Sauran ma'aikatan ma haka. In hukuma ta zo sito, halas, ni ne. Ni ma takardata a hannun kafili take, ubangidan da ya tsaya min. 'Ya'yana shida, ba su san wata ƙasa ba, ko Hausa ba sa mayarwa. In aka kore mu, ina za mu?"

"Ban tambaye ka 'ya'yanka ba."

"Mun sa shi a bayan motar nan. Mun kai shi ƙofar wani asibiti. Mun kwantar da shi inda za a gani. Na cire wayar da agogon don kada a bi su a zo wajenmu."

"Kuka tafi."

"Muka tafi."

"Kuka bar gawarsa a bakin titi."

Abdulghani ya girgiza kai.

"Ba gawa ba ce."

Zaharadden ya yi baya kamar an hankaɗa shi.

"Me ka ce?"

"Yana numfashi lokacin. Kaɗan. Kansa ya fashe, jini ta kunne. Wallahil azim duk wanda ya gan shi ya san ba zai kai magariba ba."

"Ka ce min an yi masa sutura! Ka rantse!"

"Na ɗauka haka ne! Da ka iso kana kuka, me zan ce maka? In ce je ka tambaya, su ce kai wa, a ina ya ji ciwo?"

"Wa ya ce muku ya mutu?" in ji Rahama.

Muryarta ta yi sanyi har su biyun suka juyo.

"Wa ya gani? Wa ya faɗa?"

"Babu," in ji Abdulghani.

Ta juya wajen mijinta.

"Shekara biyu babu wanda ya neme shi. Da saƙo ya daina zuwa, da sati ɗaya ba zan yi ba na tayar da Funtuwa. Da na sayar da gadona na zo. Amma saƙo bai daina zuwa ba."

Zaharadden ya durƙushe a kan kwalta mai zafi. Wayar ta suɓuce daga hannunsa.

"Akwai wani abu," in ji Abdulghani.

Babu wanda ya ce masa faɗi. Ya faɗa.

"Ƙanwar matata, Zakiya, tana aikin shara a asibitin. Wata biyar da suka wuce aka mayar da ita ɗakin masu daɗewa, waɗanda ba a san danginsu ba. Ta zo gida tana ba da labari. Wai akwai wani baƙin mutum, ya kusa shekara biyu a kwance, babu suna, babu takarda. Ba ya motsi sai ido. Kalma ɗaya kawai yake faɗa."

Ya tsaya ya ja numfashi.

"Ma'aikatan sun ɗauka rahamar Allah yake roƙo. Rahma, rahma. Sai su ce masa amin."

Rahama ta dafa injin cajin. Ta ji gurnaninsa har cikin haƙoranta.

"Wata biyar," ta ce. "Ka je?"

"Na ji tsoro."

"Wata biyar!"

"Na ji tsoro, ya ukhti. Allah Ya gani."

"Tashi," ta ce wa Zaharadden. "Tashi ka kashe abin nan. Malam Abdulghani, shiga gaba mu bi ka. Yanzu."

Abdulghani bai motsa ba.

"Ba ka ji ba ne?"

"Jiya da mijinki ya ce min kin zo ƙasar, ban iya zama ba. Na ce yau kam sai na gani da idona. Na je. Zakiya ta shigar da ni, ta nuna min gadon."

"Shi ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Malam Abdulghani, shi ne?"

"An canza zanin gado, an ninke bargo. Babu kowa a kai."